Yadda Ake Karanta Ganyen Bishiya a Gane Irin Ƙasar da Ta Dace da Ita

Da yawa daga cikin dashen itatuwan da ake yi a damina ba ya ganin damina ta biyu, kuma idan aka bi diddigi za a tarar ba kullum ne laifin awaki ko gara ko ƙarancin ban-ruwa ba. Sau da yawa bishiyar ce aka kai ta ƙasar da ba tata ba: an dasa mai son laima a jigawa, ko an dasa mai son tudu a fadamar da ruwa ke kwanciya wata biyu cur. Alhali kuwa tun tana wurin masu renon itatuwa ganyenta na ɗauke da bayanin irin wurin da jinsinta ya saba rayuwa, da a ce mai saye ya san yadda ake dubawa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ganye shi ne fuskar bishiya, domin abin da saiwa ke fama da shi a ƙarƙashin ƙasa, a jikinsa yake fara bayyana.

Dalilin hakan ba mai wuyar fahimta ba ne. A jikin kowane ganye, musamman ta bayansa, akwai dubban 'yan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ta nan ne iskar kabon ke shiga domin ganyen ya haɗa abinci da taimakon hasken rana. Sai dai duk lokacin da ƙofar ta buɗe domin iska ta shiga, ruwa ma yana fita ta cikinta a matsayin tururi, har ta kai fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake salwanta. Saboda haka kowace bishiya a ƙasashe masu zafi ciniki take yi tsakanin yunwa da ƙishirwa, kuma girman ganyenta da kaurinsa da gashinsa da lokacin zubarsa duk sakamakon wannan ciniki ne.

Abin da za a tanada da irin ganyen da za a tsinka

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada. Rula da takardar lissafi mai gida-gida da littafin rubutu sun isa, idan kuma an samu ɗan gilashin ƙara girma ya fi. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne zaɓen ganyen. A tsinko wanda ya gama girma, ba toho ba kuma ba tsohon da ya kusa faɗuwa ba, a kuma tsinko daga gefen bishiyar da rana ke duka, domin a bishiya guda ma ganyen cikin inuwa ya fi na waje faɗi da laushi, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai ruɗa kansa. Kada a wadatu da ganye ɗaya ko bishiya ɗaya. A ɗauki kamar goma daga itatuwa uku zuwa biyar na jinsi guda, a rubuta inda kowacce take tsaye, ko tudu ne, ko gangare, ko bakin rafi, ko kan suri. A yi hattara da masu farin ƙaro irin tumfafiya, domin nononta yana yi wa ido illa sosai, don haka a wanke hannu kafin a taɓa fuska.

A kuma lura cewa ƙaramin dashe ba koyaushe yake nuna ganyen manyantarsa ba. Kuka ce misali mafi kusa, domin tana ƙarama ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma take fitar da mai yatsu biyar ko bakwai wanda kowa ya sani. Idan da hali, a nemi babbar bishiyar irin dashen da ake son saye a duba ta.

Girma da rarrabuwa

A shimfiɗa ganyen a kan takarda mai gida-gida, a zagaye shi da fensir, a ƙirga gidajen da ya rufe. Babban ganye yana kama haske da yawa, amma iska ba ta saurin sanyaya shi, sai ya yi zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi, kuma babbar hanyar da yake huce wannan zafi ita ce sakin ruwa. Shi ya sa manyan ganyaye suka yawaita a kurmin Kuros Riba da kudancin Kamaru, inda ruwan shekara a wurare irin Kalaba yake kusantar milimita 3,000, yayin da a ƙasar Damagaram, inda yake kai wa kusan 400 kawai, itatuwan da suka fi yawa su ne masu ganyen da aka yayyanka ƙanana ƙwarai: bagaruwa da dakwara da dushe da kandili. Ganyen bagaruwa guda ɗaya ya ƙunshi 'yan fallaye masu yawa waɗanda kowannensu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, iska na ratsa tsakaninsu tana kwashe zafi ba tare da bishiyar ta kashe ruwa mai yawa ba. Tsamiya ta ƙara da wata dabara, wato fallayenta suna haɗewa biyu-biyu idan dare ya yi.

Wannan ƙa'ida ce mai amfani, amma ba ta rasa masu karya ta. Tumfafiya na da faffaɗan ganye, ga ta kuma a busassun filaye da gonakin da suka gaji har cikin Sahel. Gamji ma haka. Duk inda aka ga faffaɗan ganye a busasshen wuri, to a nemi abin da ke biyan kuɗinsa, ko dai kaki ne da ya lulluɓe fuskar ganyen, ko saiwa ce da ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko kuma bishiyar tana zubar da shi da zarar rani ya tsananta.

Kauri da tauri

A nan ne, a ganina, ya kamata mai dubawa ya fi daɗewa, domin kaurin ganye ya fi girmansa faɗin gaskiya game da ƙasa. A ninke ganyen biyu a ga ko zai lanƙwashe kamar ƙyalle ko zai karye, sannan a gwada yaga shi a ji ƙarfin da ake bukata. Bayan haka a jera ganyayen itatuwa daban-daban a kan tabarma a inuwa, a riƙa leƙa su bayan kowace sa'a. Na zogale zai yi yaushi tun kafin a juya baya, na dogon yaro zai biyo baya, amma na anza da na kanya da na aduwa za su wuni suna nan kamar yanzu aka tsinko su. Wanda yake son lissafi mai lamba zai iya shanya ganyen da ya riga ya auna faɗinsa har ya bushe ƙayau, ya ɗora shi a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ya raba nauyin da faɗin. Gwargwadon girman lambar da ta fito, gwargwadon abin da bishiyar ta zuba a ginin kowane yanki na ganyenta.

Ma'anar wannan ita ce akwai hanyoyi biyu na rayuwa, da kuma matakai da yawa a tsakaninsu. Bishiyar da ta saba da ƙasa mai taki da laima takan yi siririn ganye mai arha, cike da naitirojin, wato ɗaya daga cikin manyan sinadaran da ke cikin taki, mai saurin haɗa abinci, wanda ba ya daɗewa. Idan ya mutu ko dabba ta cinye shi sai ta fitar da wani, tun da kayan ginin suna nan a ƙasa. Ita kuwa wadda ta saba da ƙasa maras ƙarfi ba ta da halin wannan almubazzaranci, saboda haka takan yi ganye mai kauri da tauri, mai ɗaci ko bauri don kada a ci shi, mai jinkirin aiki amma mai daɗewa, kamar mutumin da ya ɗinka riga ɗaya ta saƙi domin ya san ba zai samu kuɗin wata ba nan kusa. Wani bincike da Ian Wright da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 2004, wanda ya haɗa bayanan nau'in tsiro 2,548 daga wurare 175 a faɗin duniya, ya nuna cewa wannan tsari iri ɗaya ne a ko'ina: ganye mai kauri yana daɗewa amma yana da ƙarancin naitirojin da jinkirin aiki, siriri kuwa akasin haka. Makiyayi ya san wannan tun kafin a rubuta, domin ya san ganyen da akuya ke rububi da wanda ba ta kulawa sai yunwa ta kai mata ko'ina, irin na anza.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk ganye mai tauri alamar fari ce. Ba haka ba ne, domin yunwar ƙasa ma tana haifar da shi ko da ruwa ya yi yawa. A tsibirin Borniyo da ke kudu maso gabashin Asiya akwai wani irin daji a kan farin yashi wanda mutanen Iban ke kira kerangas, ma'ana ƙasar da shinkafa ba ta yi, inda ruwan sama ke zuba kusan duk shekara amma itatuwan gajeru ne masu ƙananan ganyaye masu tauri, saboda ruwan ya wanke abincin da ke cikin yashin. Haka abin yake a dazuzzukan farin yashi na yankin kogin Riyo Negiro a dajin Amazon na Kudancin Amurka, inda sinadarin baurin da ke fita daga ruɓaɓɓun ganyaye yake rina ruwan kogin ya koma kamar shayi ba madara. A kan duwatsu masu tsawo ma, irin na Mambila da Gashaka, ganyen itatuwa yakan ƙanƙance ya yi kauri idan aka kwatanta da na kurmin da ke ƙasa, ga shi kuwa hazo da ruwa ba su yanke ba. Don haka idan aka ga ganye mai tauri, tambayar da za a yi ita ce mene ne ya yi ƙaranci a nan, ruwa ne ko abinci ko duka biyun. A ƙasarmu, geza da taura da ke kan tudun marmara da tsakuwa suna fama da duka biyun ne.

Fuska da baya da baki

Daga nan sai a juya ganyen a duba bayansa, a shafa shi da yatsa. Bayan ganyen magarya fari ne saboda lallausan gashin da ya rufe shi, kuma wannan gashi yana tsare iska mai laima a bakin ƙofofin numfashi, sai fitar ruwa ta ragu. 'Yar'uwarta kurna ba ta da wannan farin baya, kuma da shi ake saurin bambance su. Sabara toka-toka ce gaba da baya, da 'yan baƙaƙen ɗigo a bayan ganyen waɗanda gilashin ƙara girma ke nunawa sarai. Launin toka yana mayar da wani kaso na hasken rana, kuma inda sabara ta mamaye fili, yawanci jigawa ce mai rairayi wadda noma ya gajiyar. A ɗiga ruwa a kan ganyen tumfafiya a ga yadda yake dunƙulewa ya gangara, wannan shi ne aikin kakin da ke hana ruwan ciki fita. Itacen turare, wanda aka kawo daga Ostireliya, dabararsa daban ce: ganyensa a rataye yake yana kallon ƙasa, ta yadda ranar tsaka ba ta dukan fuskarsa kai tsaye.

Gashi ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Abin da muke kira kalgo iri biyu ne, kuma wanda ya fi yawa a arewa mai ƙarancin ruwa bayan ganyensa sumul yake, yayin da na kudu, mai ganye mafi girma, shi ne mai gashi ruwan tsatsa a baya. Gashi yana kare ganye daga ƙwari kamar yadda yake kare shi daga bushewa, saboda haka sai an haɗa shi da sauran alamu.

A duba bakin ganyen kuma. Yawancin itatuwan kurmi suna da ganye mai santsi wanda ya ƙare da dogon tsini kamar indararo, ruwan sama na bi ta nan ya zube da sauri, ganyen ya bushe. Wanda bai taɓa zuwa kurmi ba zai iya ganin irinsa a jikin durumi. Dashen da ganyensa ke da faɗi da laushi da sheƙi da wannan dogon tsini, a ɗauka mai son laima ne har sai an tabbatar da akasin haka. Su kuwa itatuwan bakin teku na yankin Neja Delta, wanda ke da dajin ruwan gishiri mafi girma a Afirka, wasunsu suna tace gishirin tun daga saiwa, wasu kuma suna fitar da shi ta jikin ganye har a ga farin gishiri ya bushe a kai.

Sai an bi bishiyar shekara guda

Duba na rana ɗaya ba ya kammala karatun, domin lokacin da bishiya ke riƙe da ganye da lokacin da take sakinsa rabin labarin ne. A zaɓi itatuwan da ake nazari a riƙa rubuta halinsu sau ɗaya a wata, daga damina zuwa kaka, zuwa hunturu, zuwa bazara. Kuka takan zubar da ganyenta kaf ta shafe mafi yawan rani tsirara, tana dogaro da ruwan da ta adana a gangar jikinta, wato ta guje wa farin ne gaba ɗaya, shi ya sa ganyenta bai bukaci tauri ba har ya zama abin miya. Aduwa da anza sukan tsaya su jure, kuma ita aduwa ƙayarta da ƙananan rassanta kore ne, suna ci gaba da haɗa abinci ko ganye ya ragu. Kaɗanya takan sake ganye a cikin rani, tohon ya fito ja-ja kamar na mangwaro kafin ya koma kore.

Gawo shi ne mai ruɗa wanda ya tsaya ga duba siffa kawai. Ganyensa ƙanana ne irin na dangin bagaruwa, amma yakan zubar da shi idan damina ta kama, ya yi kore shar a tsakiyar rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne doguwar saiwar da ke nutsawa har ta iske ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda haka gawo mai lafiya shaida ce cewa akwai ƙasa mai zurfi wadda saiwa ke iya ratsawa da kuma ruwa a ƙarƙashinta. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin tohonsa a gonaki tun daga shekarun 1980 sun ci moriyar wannan hali, domin ba ya yi wa gero inuwa a damina, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Amma wanda ya dasa shi a kan fako mai dutse a ƙarƙashi, don kawai ya ga ƙananan ganye ya ce ai mai jure fari ne, zai daɗe yana jiran girmansa. Giginya da goruba ma ruwan ƙasa suke nunawa, shi ya sa suka yi jerin gwano a kwaruruka irin Dallol Mawuri wajen Gaya da Gulbin Kaba a Jamhuriyar Nijar, kuma goruba tana jure ƙasa mai ɗan gishiri ko kanwa fiye da yawancin itatuwa.

Bambanta gado da ciwo

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu siffa ce ta gado, wadda ke nuna ƙasar da jinsin ya dace da ita. Akwai kuma alamun da ke nuna halin ƙasar da bishiyar take tsaye a kai yanzu, kuma haɗa su wuri ɗaya yana jawo a yi wa lafiyayyar bishiya magani ko a ƙyale maras lafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba wane ganye ne ya fara sauya launi. Idan tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka koma ruwan ɗorawa gaba ɗayansu alhali toho kore ne, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci, bishiyar tana kwashe shi daga tsoho tana kai wa sabo. Idan kuwa toho ne ya yi fari-fari amma jijiyoyinsa suka tsaya kore, to sinadarin ƙarfe ne ba ya isa gare shi, abin da ake yawan gani a jikin lemo a ƙasa mai kanwa ko wadda ruwa ya jiƙe fiye da kima, kuma ƙara takin zamani na yau da kullum ba ya warkar da shi. Ƙonewar gefen tsofaffin ganyaye kan nuna ƙarancin sinadarin fotashiyam ko taruwar gishiri daga ruwan ban-ruwa. Ganyen da ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take sharkaf, saiwa ce ta rasa iska ta fara ruɓewa, kamar yadda kan faru da dogon yaro da gwanda idan ruwa ya kwanta a gindinsu. Jan tohon mangwaro da ke rataye laɓe-laɓe kuwa ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi shi.

Gwada abin da aka karanta da ƙasar kanta

Kafin a yanke shawara a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko biyu a wurin da za a yi dashen. A jiƙa ƙasar da aka fitar a murza ta tsakanin tafin hannu: idan ta ƙi dunƙulewa rairayi ne, idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba laka ce, idan kuma magirbi ya ci karo da marmara tun bai yi nisa ba to ƙasar ba ta da zurfi. A cika ramin da ruwa a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsotse. Wanda ya kwana bai ragu sosai ba, wuri ne na giyayya da bagaruwa da dushe, waɗanda ke jure laka da kwanciyar ruwa, ba na mangwaro ko dogon yaro ba. Sannan a ɗaga kai a dubi itatuwan da suka fito da kansu a kewayen, domin su ne suka riga suka ci jarrabawar wurin, a nemi dashen da ganyensa ya yi kama da nasu a kauri da girma da lokacin zuba.

A kula da ƙananan wuraren da suka bambanta da sauran filin. Tsohon suri ya fi ƙasar da ke kewaye da shi laka da abinci da riƙe laima, shi ya sa ake yawan samun tsamiya da kanya a kansa ko a gefensa, ko da filin duka na sabara ne. Gindin gangare da bakin kwazazzabo da inda ruwan wanka ke bi a bayan gida duk za su iya ɗaukar bishiyar da tsakiyar gonar ba za ta ɗauka ba. Idan kuma lallai ana son dasa mai faffaɗan ganye mai laushi a jigawa, to a sani cewa ban-ruwa da taki da rufe gindi da ciyawa ko kara sun zama wajibi a duk rani har saiwarta ta yi zurfi, a kuma yi mata shinge ta gabas da arewa domin iskar hunturu tana busar da irin wannan ganye fiye da yadda rana take yi.